Tambarin kwali ba ya wanke hannu

Tun jiya nake danne zuciyata, abin ya ƙi. Kun dai ga bidiyon da ke yawo a zaurenmu na mazauna Amurka: Hajiya ta ɗago kwalin sitiroberi tana nuna ɗan tambarin da ke jiki, wai ta ƙara kuɗi ta sayi na "cinikin adalci", don haka ita yanzu ba ta cin haƙƙin kowa. Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Leburorin gonakin sitiroberi na San Kintin a ƙasar Meziko ma suna gaishe ki daga inda suke durƙushe.

Tambayata ɗaya ce. Wa ya tambayi mai tsinkar?

Don fa sun yi magana, ba bebaye ba ne. Ranar 17 ga Maris 2015 dubbansu suka ajiye aiki a kwarin San Kintin da ke Baha Kaliforniya, suka datse babbar hanyar da manyan motoci ke bi da kaya zuwa iyakar Amurka. Yawancinsu 'yan ƙabilun Mishtek da Tiriki ne da talauci ya koro daga jihar Wahaka ta kudancin Meziko, wani ko Sifaniyanci bai iya sosai ba. Wuni guda a sunkuye, ladan bai kai dala 10 ba. Suka ce a ba su peso 300 a yini, a sa su cikin inshorar lafiya ta gwamnati, a biya su aikin bayan lokaci, shugabannin lebura su daina laluben matansu. Amsar farko harsashin roba ce da barkonon tsohuwa. Duba buƙatun nan da kyau, Hajiya, ki nuna min inda suka roƙi a manna wa kwali tambari.

Kafin nan, a Disambar 2014, jaridar Los Angeles Times ta shiga sansanonin gonakin Meziko ta fito da abin da ta gani. Waya mai ƙaya ta kewaye mutane, ana kwana a kan siminti, an riƙe albashi sai ƙarshen kaka don kada kowa ya gudu, ga kantin cikin sansani yana ba su bashi da tsada har wani ya koma gida hannu rabbana. A jihar Halisko, a 2013, mutum 275 hukuma ta kuɓutar daga wani kamfanin tumatir. Kayan irin waɗannan gonaki ne a manyan shagunan da muke tura amalanke.

Na san abin da za ku rubuto. "Ai da babu gara ba daɗi." Na ji. "In mun daina saye su rasa aiki." Wa ya ce a daina? Ni cewa nake mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da leburorin suka ce a ƙaurace wa Driscoll's, babban kamfanin sayar da sitiroberi, sai a ƙaurace, don su suka faɗa. In sun ce a saya, a saya. A Imokali ta Fulorida masu tsinkar tumatir da kansu suka tsara sharuɗɗa, suka sa irin su McDonald's da Walmart suka sa hannu: ƙarin sent ɗaya a kowane fam na nauyin tumatir ya tafi aljihun lebura, gonar da ta karya doka a daina sayen kayanta. Da bakinsu aka yi, shi ya sa abin yake da haƙora.

Tsakani da Allah ba na zargin niyyar baiwar Allahn nan. Tausayi gare ta. Abin da ke ci min rai shi ne yadda muke sayen kwanciyar hankali da canjin cefane mu tafi barci, alhali ko sunan ƙungiyar leburorin ɗaya ba mu sani ba.

Masu turo min hoton fiya kuma, ku dakata. A Fabrairun 2022 barazana aka yi wa jami'in Amurka guda ɗaya ta waya a jihar Michowakan ta Meziko, nan take Amurka ta rufe shigo da fiya daga can har kusan mako guda. Wannan zancen sai wani jiƙon.