A tura malamin lissafi Kantin Kwari kafin a ba shi alli

A nan Jamus, mai son koyarwa a makarantar sana'a galibi sai ya kawo shaidar ya yi aiki a kamfani ko masana'anta, wajen shekara guda. Ɗalibansa kwana uku ko huɗu suna wurin aiki, ɗaya ko biyu a aji. Ko 'yan sakandare, a kusan aji na 9 ana tura su sati biyu zuwa uku wurin masu sana'a, malami ya bi sawu ya duba su.

A gida kuwa, ɗalibin koyon malanta daga aji yake fita ya shiga wani ajin. Ya yi TP, wato gwajin koyarwa a wata makaranta, a duba littafin tsara darasinsa, shi ke nan. In yaro ya ce, "Malam, ina amfanin wannan x ɗin?" amsar ba ta wuce "zai fito a WAEC."

Abin da ke ba ni takaici shi ne Kano ba ta rasa komai ba. Birkilan da ke fitar da kusurwar ɗaki da igiya, ƙafa 3 nan, 4 can, 5 a karkace, ƙa'idar Pythagoras yake aiki da ita, ko da bai taɓa jin sunan ba. Yaron shago a Kwari ya san turmin atamfa yadi 6 ne, yana kuma fitar da ribar kowane turmi a cikin dila kafin ka lalubo kalkuleta. Ga 'yan canji a Wapa, ga dillalan Dawanau da ke kallon buhu su gaya maka kwano nawa zai ba da, har da abin da zai zube a awo.

Amma kada a ɗauka kasuwa ta gama komai. Birkilan ya san 3, 4, 5, bai san me ya sa take aiki ba, balle ya gane 5, 12, 13 ma za ta yi. Wannan gurbin na malami ne, in dai ya taɓa ganin igiyar.

Ba na cewa a kwafo tsarin Jamus. Su kamfanoni ne ke biyan ɗalibin albashi, mu ina? Abin da nake nema ƙarami ne. Tun shekarun 1970 muna da SIWES da ke kai ɗaliban fasaha masana'antu. Kwalejojin ilimi su yi wa masu karanta lissafi irinsa: wata guda wurin tela, magini ko kafinta, kowa ya dawo da tambayoyi goma da ya tsamo daga aikin, da farashin ranar, a ba shi maki a kansu kamar yadda ake ba shi a TP.