Yuma: Kada a kori tsofaffi daga hamada da ƙarin kuɗin takardar izinin zama

Da zarar watan Nuwamba ya kama, ƙanƙara ta fara rufe tituna a Kanada da jihohin arewacin Amurka, sai manyan motoci masu ɗakin kwana su jero kan hanya suna gangarowa kudu. Yawancin masu tuƙa su tsofaffi ne da suka ajiye aiki, mata da miji, wani lokacin har da kare a kujerar baya. Da yawansu Yuma suka nufa, wani birni da ke kusurwar kudu maso yammacin jihar Arizona, a bakin kogin Kolorado, daf da iyakar Kalifoniya da ta ƙasar Meziko. Mutanen birnin ba su cika dubu ɗari ba a ƙidayar 2020, amma duk lokacin sanyi dubun-dubatar baƙi ke sauka a cikinsa da kewayensa, ba su tashi sai Maris ko Afrilu.

Rana suke bi. Tana haska Yuma fiye da sa'o'i 4,000 a shekara, har kundin bajinta na Guinness ya rubuta shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina samun rana a duniya. Ruwan saman da ke zuba a shekara guda bai kai milimita 100 ba. Wannan ranar ce kuma, haɗe da ruwan kogi, ta mayar da hamadar gona. Tun da aka gama madatsar Laguna a 1909, wadda ita ce ta farko a kan Kolorado, aka shiga jan ruwa zuwa fadamun Yuma, yau ga shi kusan kashi 90 cikin ɗari na latas da sauran ganyayen da Amurkawa ke ci tsakanin Nuwamba da Maris daga nan suke fitowa. Ana noma alkama, ana noma dabino irin na Medjool wanda asalinsa daga Maroko aka kawo shi. Mu da muka san cin rani ba za mu sha wahalar gane garin ba: lokaci ɗaya yake cika da baƙi, lokaci ɗaya yake watsewa, sai dai a nan baƙin kashi biyu ne, masu gudun sanyi da masu neman aikin gona.

Motar da ake magana a kanta, wadda suke kira RV, gida ce sukutum. Akwai gado, akwai murhun gas, akwai firiji da ɗan banɗaki. A ƙarƙashinta tankuna uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Duk rayuwar mai motar a kan tankunan nan take juyawa, domin na farko yana ƙarewa, sauran biyun suna cika. Wanda ke da hali sai ya kama fili a ɗaya daga cikin sansanonin 'yan kasuwa da suka cika Yuma da unguwar Foothills da ke gabashinsa. Can zai tarar da sandar wuta, da famfo, da bakin bututun ƙazanta, ya jona waya da tiyo ya huta. Ga wurin ninkaya, ga ɗakin taro, wasu har da filin wasan golf, kuma da yawa ba sa karɓar mazauni sai ya kai shekara 55. Kuɗin wata ɗaruruwan daloli ne, ban da na lantarki. Waɗannan ba su ne damuwata ba, kasuwa ce tsakanin mai fili da mai kuɗi.

Damuwata tana can cikin hamada, a filayen gwamnatin tarayya da BLM, hukumar filaye ta tarayya, ke kula da su. A ƙa'ida kowa na iya kafa sansani kyauta a mafi yawan filayen nan, amma kwana 14 kawai, sannan ya tashi ya yi nisa. A 1983 hukumar ta keɓe wasu wurare na dogon zama, inda mutum zai yanki takarda ya zauna tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. Akwai ɗaya kusa da madatsar Imperial, a tsallaken kogi ta ɓangaren Kalifoniya. Akwai La Posa, mai faɗin eka 11,400, kusa da ƙaramin garin Quartzsite da ke arewa da Yuma. Shekara da shekaru kuɗin takardar wata bakwai ɗin nan dala 180 ne, na mako biyu kuma dala 40.

Abin da mutum ke samu da kuɗinsa ba shi da yawa. Famfo ne da ake bin layi, da ramin da ake juye tankin ƙazanta, da kwandunan shara. Babu lantarki, babu inuwa sai ta motarka. Kowa da faifan sola a rufin motarsa, ko ɗan janareta. Wanda ba ya son tayar da motarsa duk mako sai ya sayi tankin roba mai taya, ya juye ƙazantar a ciki, ya ɗaura a bayan ƙaramar mota ya ja a hankali bisa tsakuwa har bakin rami. Mutane kan jera duwatsu su zagaye wurinsu, alamar nan ne tsakar gida. Masu aikin sa kai ne ke zama a rumfar shiga, suna sayar da takarda suna duba sitika a gilashin mota.

A 2024 ofishin hukumar na Yuma ya fito da shawarar a ɗaga kuɗin daga dala 180 zuwa 600. A ganina wannan kuskure ne, ko da yake hujjar hukumar ba ta banza ba ce. Kwashe shara daga tsakiyar hamada kuɗi ne, zuƙe ramukan ƙazanta kuɗi ne, rijiya da famfo suna lalacewa, hanyoyi suna son gyara, jama'a kuma sun ƙaru sosai a 'yan shekarun nan. Komai ya yi tsada, kuɗin takarda yana nan inda yake. Wanda ya ce kada a taɓa ƙara ko sisi bai yi wa hukumar adalci ba. Har ma ana iya cewa dala 600 a wata bakwai ba ta kai dala uku a kwana ba, kuma babu inda za ka samu masauki a haka a duk Amurka.

Amma lissafin kwana-kwana yana ɓoye wani abu. Kuɗin nan dunƙule ake biyansa, a farkon kaka, bayan mutum ya gama zuba mai a mota mai shan mai ya yi tafiyar dubban kilomita. Kuma waɗanda ke zaune a hamadar ba duka ne masu yawon shaƙatawa ba. Gefen motar da ta kai kuɗin gida akwai tsohuwar bas da aka mayar ɗaki, akwai ƙaramar motar kaya da katifa a ciki, akwai tsohuwa ita kaɗai da tanti. Matsakaicin fanshon da gwamnatin Amurka ke biyan mai ritaya a 2024 wajen dala 1,900 ne a wata, kuma da yawa abin da suke karɓa bai kama ƙafar haka ba, musamman matan da suka yi rayuwarsu a ƙananan ayyuka. A manyan birane kuɗin haya kaɗai zai lashe shi. Ga irin waɗannan, takardar dala 180 ita ce rufin asirinsu na wata bakwai. Ninka ta fiye da sau uku a tashi ɗaya daidai yake da a ce musu su kwashe kayansu.

Duk mai shakkar talaucin baƙin nan ya je mashigar Andrade da safe, 'yar tafiya kaɗan yamma da Yuma. Tsofaffi ke ajiye motoci su tsallaka da ƙafa zuwa Los Algodones, wani ɗan gari a Meziko da ke cike da ɗaruruwan likitocin haƙori, da kantunan magani da na tabarau. Suna zuwa ne saboda inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, Medicare, ba ta ɗaukar yawancin aikin haƙori, a gida kuwa kuɗin ya fi ƙarfinsu. Mutumin da sai ya bar ƙasarsa kafin ya iya gyara haƙorinsa, dala 420 ta ƙari ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa.

Idan aka kore su da tsada, ina za su? Ba gida za su koma ba, wasunsu ba su da shi. Za su bazu ne cikin filayen kwana 14, inda babu ramin ƙazanta, babu kwandon shara, babu mai duba kowa. Wanda tankinsa ya cika kuma wurin juyewa ya yi masa nisa, kowa ya san abin da wasu za su yi da dare. Tayoyi za su tattake sabuwar ƙasa, ƙasar hamada kuwa idan aka murje ta takan yi shekaru masu yawa ba ta farfaɗo ba. Dalilin da ya sa aka keɓe wuraren dogon zama tun farko ke nan, a tara mutane wuri ɗaya don a kare sauran dajin. Hukuma za ta tara kuɗi a rumfa, ta kashe fiye da shi wajen bin mutane da kwashe abin da suka bari.

Akwai masu cewa baƙin suna ƙara wa kogi nauyi, alhali yana ƙafewa. Ƙafewar gaskiya ce. A watan Agustan 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin Mead, babbar ma'ajiyar ruwan kogin Kolorado, karo na farko a tarihi, aka yanke wa Arizona kashi 18 cikin ɗari na rabonta a 2022, aka kai kashi 21 a 2023. Kogin da ya ratsa Yuma da wuya yake isa teku yanzu. Sai dai fiye da kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake amfani da shi a Arizona noma ne ke sha. Ba'amurke a gidansa yana ƙarar da wajen lita 300 a yini, mai motar da ke hamada kuwa yakan lallaɓa tanki mai ɗaukar kusan haka ya kai shi mako, don shi da kansa zai je ya bi layin famfo. Idan ana neman masu ɓarnar ruwa, a fara da filayen golf da wuraren ninkaya na sansanonin masu hali.

Ba zan bar maganar Yuma ba tare da ambaton ɗaya rukunin baƙin ba. Tun ƙarfe ɗaya ko biyu na dare dubban ma'aikatan gona ke bin layi a mashigar San Luis, kudu da birnin, suna shigowa daga Meziko. Bas-bas na kwasar su zuwa gona, asuba ta same su a sunkuye da wuƙa, suna yankan latas, suna feɗe ganyen waje, suna jefawa kan injin da ke tafiya a gabansu ana cika kwali. Da yamma su sake tsallakawa, su ɗan runtsa, su dawo. Wahalarsu ta fi ta kowa a garin, kuma duk ranar da za a zauna kan wa ya cancanci masauki mai sauƙi a Yuma, su ne a sahun gaba. Amma hana tsohuwa wurin ajiye motarta ba zai gina wa mai yankan latas ɗaki ba.

Abin da ya kamata a yi ba mai wuya ba ne. A ƙara kuɗin kaɗan-kaɗan cikin shekaru, yadda mai fansho zai iya shiryawa. A bambanta tsakanin babbar mota mai tsawon mita 12 da ke jan wata motar a baya, da ƙaramar motar kaya, domin ruwan da suke ɗiba da ƙazantar da suke juyewa ba ɗaya ba ne. A bar mutum ya biya wata-wata idan dunƙulen ya fi ƙarfinsa. Amurka tana da katin tsofaffi na dala 80 da ɗan ƙasa mai shekara 62 ke yanka sau ɗaya a rayuwa, yana shiga gandun daji na tarayya kyauta, ana rage masa rabin kuɗin kwana a sansanoni da yawa, to me zai hana irin wannan rangwamen ya shafi wuraren dogon zama? Sannan akwai dokar 2004 da ta ce mafi yawan kuɗin da aka karɓa a irin waɗannan wurare, kashi 80 cikin ɗari a ƙa'ida, a kashe shi inda aka karɓe shi. Hukumar ta manna lissafin kowace kaka a jikin rumfar shiga, nawa aka tara, nawa ya tafi shara, nawa ya tafi famfo, yadda wanda ake neman ya ƙara kuɗi zai karanta kafin ya sa hannu a aljihu.