Bauchi na buƙatar bas ɗin cikin gari kafin wata sabuwar gadar sama

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Yelwa wanda tun ina yaro na san shi da son ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bauchi, Wikki Tourists. Ranar wasa, da zarar an idar da Azahar zai saka hularsa, ya ɗauki ƙaramar rediyonsa ya nufi cikin gari, domin ya samu wurin zama mai inuwa kafin a take wasa da ƙarfe huɗu. A bakinsa na fara jin labarin shekarar 1998, lokacin da Wikki ta doke Plateau United a bugun fenareti ta ɗauko Kofin Ƙalubale, da yadda garin nan ya kwana bai yi barci ba. Kwanan baya, ranar wata Lahadi da Wikki ke wasa a gida, na same shi zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, rediyon tana kan cinyarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, yau ba za a leƙa fili ba ne?" Sai ya ɗan rage muryar rediyon ya ce, "Ɗana, kuɗin ƙofa ba zai gagare ni ba. Amma idan na haɗa shi da kuɗin zuwa da na dawowa, cefanen gobe ne zan kai wa mai Keke."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ba ƙwallo kaɗai ta shafa ba. Filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana tsakiyar gari, ba nisa da Wunti, kuma fili ne mai tarihi, tunda an buga wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a cikinsa a 1999, sannan ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A cikinsa muka ga kakar 2016, lokacin da Abdu Maikaba ya kai Wikki mataki na uku a gasar Firimiyar Najeriya, Godwin Obaje kuma ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da ƙwallaye 18. Mun ga faɗuwar ƙungiyar zuwa ƙaramar gasa a 2023, mun kuma ga dawowarta a 2025. Duk wannan hawa da sauka an yi shi ne a gaban mutanen da yawancinsu ba su da mota: masu ɗinki, makanikai, ɗalibai, 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, ƙananan ma'aikata. Idan mutumin da ya shafe shekaru sama da ashirin yana bin ƙungiya ya koma sauraron wasanta daga ƙofar gida, alhali tsakaninsa da filin tafiyar 'yan mintuna ce a mota, to matsalar tana kan hanya, kuma hanyar nan ita ce wadda ɗansa ke bi zuwa makaranta, matarsa ke bi zuwa asibiti, shi kansa yake bi zuwa neman abinci.

Garin Bauchi da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 gari ne na cikin ganuwa, wanda mutum zai ratsa da ƙafa daga Ƙofar Ran zuwa Ƙofar Wambai ba tare da ya ji jiki ba. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1976 yake ta faɗaɗa, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Bauchi tana da kusan mutum rabin miliyan. Kowa ya san abin da ya ƙaru tun daga lokacin, musamman bayan da rikicin Boko Haram da rikice-rikicen maƙwabtan jihohi suka koro dubban iyalai suka zo suka zauna tare da mu. Garin bai yi sama ba, gefe ya yi. Ya miƙe ta hanyar Jos har Miri, ta hanyar Dass ya wuce Yelwa da Gwallameji, ta hanyar Gombe ya kai Inkil, ta hanyar Maiduguri ya haɗe da Tirwun, ta hanyar Ningi kuma yana neman Gubi, inda jami'ar Abubakar Tafawa Balewa take da mazauninta na biyu. Talaka yana bin inda fuloti da haya suke da sauƙi, wato bakin gari, amma kasuwa da sakatariya da manyan asibitoci da bankuna duk suna nan a tsakiya. Abin da ya samu na sauƙin haya, kullum safe da yamma sai ya mayar da shi a kuɗin abin hawa.

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. Duk wanda ya san Bauchi shekara goma da suka wuce ya san an shimfiɗa tituna, an faɗaɗa wasu, an kai kwalta unguwannin da a da sai dai ƙura da rani, caɓi da damina. Gadojin sama da gwamnatin Bala Mohammed ta ɗauko a Wunti da wajen Babbar Kasuwa sun taɓa wuraren da cunkoso ya daɗe yana addabar jama'a, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a shataletalen Wunti da yammacin jajibirin Sallah ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai gada tana amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato yadda abin hawa zai wuce da sauri. Ba ta amsa tambayar wanda ke tsaye a gefen titi yana lissafin kuɗin da ke aljihunsa. Shi wannan mutumin, ko an ninka faɗin titi sau uku, halinsa bai sauya ba, sai ma dai tsallaka titin ya ƙara yi masa wuya.

A je bakin titin Yelwa da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe a gani da ido. Wata rana ina tsaye a wurin, kusa da ni akwai wata mata da yara biyu cikin kayan makaranta, ɗaya na riƙe da kwandon abinci, ɗayan kuma yana goye da jakar da ta fi ƙarfin bayansa. Keke uku suka tsaya, kowanne ya faɗi kuɗinsa ta girgiza kai. Na huɗu ya ce mata, "Hajiya, idan za ki ɗora su a cinya sai ki biya kujera ɗaya, idan kuwa za su zauna, kujera uku ce." Ta shiga ta ɗora ƙaramin a cinya, babban ya tsaya a tsakanin ƙafafunta yana riƙe da ƙarfe, a haka suka tafi cikin tirela da manyan motocin da ke bin hanyar Dass. Ba wanda ya yi mamaki a cikinmu, domin abu ne da muke gani kullum har idonmu ya saba. A yi lissafi mai sauƙi: a ce ma'aikaci yana kashe naira 1,000 zuwa da dawowa a rana, kwana 22 a wata, naira 22,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ya tafi a titi tun kafin a zo maganar masara, haya da kuɗin makaranta, kuma wannan shi kaɗai ke nan, ba a sa yaransa a lissafi ba.

Ba na ɗora wa masu Keke da 'yan acaɓa laifi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Yawancin masu tuƙa Keken nan ba nasu ba ne, balas suke kai wa mai shi kowace yamma ko kowane mako, ga kuɗin tikitin ƙungiya, ga kanikawa, ga tayar da farashinta ya tashi. Wanda ya ɗauki mutum uku ko huɗu a tafiya ɗaya dole ya raba kuɗin mai a kan mutum uku ko huɗun nan, kuma babu wata dabara da za ta sauya wannan lissafi. Bas mai ɗaukar mutum talatin ko hamsin kuwa tana raba kuɗin man ne a kan mutum talatin ko hamsin. A nan duk maganar take. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin jiha ta sanar da hana acaɓa, amma duk wanda ya leƙa titi yau ya san acaɓa tana nan, domin ba a hana mutane abin hawa da sanarwa matuƙar ba a ba su wanda ya fi shi ba.

Abin da nake kira a yi shi ne bas ɗin cikin gari na dindindin, mai sanannen layi, sanannen farashi da sanannen lokaci. Allah Ya ba garin nan tsarin da ya dace da haka, tunda manyan hanyoyi biyar ne suka fita daga tsakiyarsa kamar yatsun hannu, kuma yawancin jama'a a gefensu suke zaune. Idan bas tana tashi daga Gwallameji zuwa Wunti, wata daga Miri, wata daga Inkil, wata daga Tirwun, wata daga Gubi, duk suna haɗuwa a tasha ɗaya mai rumfa da wurin zama, an ɗauke wa mafi yawan mutane doguwar tafiyar da ita ce ke cin kuɗi. Amma sharaɗin shi ne mutum ya san cewa idan ya fito ƙarfe bakwai zai samu bas cikin minti goma ko sha biyar, yau da gobe da jibi, da rani da damina. Wanda bai amince bas za ta zo ba, ba zai tsaya jiranta ba, mai aiki kuma ba zai yi caca da lokacin shigarsa ofis ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa: mun sha ganin an jera sababbin motoci an yanka zare, an ɗauki hotuna, bayan shekara biyu sai a same su a bayan wata ma'aikata tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Gaskiya ne, kuma dalilin a bayyane yake. Ana sayen mota amma ba a ware kuɗin gyara, ba a tanadi kayan gyara, ba a horar da kanikawa, kuɗin da kwandasta ya tara kuma ba a san inda yake shiga ba. Sayen bas shi ne ɓangare mafi sauƙi. Aikin yana wajen garejin da zai duba kowace mota da dare, da asusun da kowa zai iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, da albashin direba da zai zo a kan kari domin kada ya koma yin lodin kansa a hanya. Legas ta fara bas ɗinta mai layi na musamman a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kuma har yau tsarin yana aiki. Idan an ce Legas ta fi ƙarfinmu, ga Maiduguri nan kusa, inda gwamnatin Zulum ta zuba motocin haya masu rangwamen kuɗi bayan cire tallafin mai. Mu kanmu ba baƙin harkar sufuri ba ne, tunda Yankari Express, hukumar sufurin gwamnatin jiharmu, ta daɗe tana kai mutane Abuja da Kano da Jos. Jihar da ta iya kai fasinja Abuja ba za a ce ta kasa kai shi daga Yelwa zuwa Wunti ba.

Masu Keke ba za su rasa abinci ba, kuma wajibi ne a zauna da ƙungiyoyinsu tun daga farko, kada a yi abin a bayan idonsu. Bas ba ta shiga lungun Jahun ko Bakaro, ba ta kai tsohuwa ƙofar gidanta da buhun hatsi, ba ta ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. Gajerun tafiye-tafiye daga tasha zuwa cikin unguwa nasu ne, kuma a nan ne man da suke ƙonawa bai da yawa. Haka kuma a cikin bas ana iya ware kujerun gaba ga mata da tsofaffi, abin da zai raba matanmu da matsatsin da suke haƙuri da shi a bayan Keke ba don suna so ba.

Idan ana jin tsoron a fara da babban abu, to a gwada da ranar wasa. Duk ranar da Wikki ke gida, a fitar da 'yan motoci daga bakin kowace hanya tun ƙarfe biyu, a tsayar da farashi ɗaya mai sauƙi, a kuma tabbatar suna jiran jama'a a bakin fili idan an tashi gab da Magariba, lokacin da dubban mutane ke fitowa a tare ana rububin abin hawa. An san ranar, an san lokacin, an san inda kowa ya nufa, don haka cikin wasanni kaɗan za a gane yawan fasinjan kowane layi, da man da aka ƙona, da abin da aka tara. Ƙungiyar ma za ta amfana, domin kowane ɗan kallo da ya ƙaru kuɗin ƙofa ne, kuma 'yan wasa sun san bambancin buga ƙwallo a gaban cikakken fili da buga ta a gaban kujeru. Na gaya wa dattijon maƙwabcinmu wannan shawara a ranar da muka yi hirar. Ya yi shiru yana sauraron mai sharhi har aka tafi hutun rabin lokaci, sannan ya ce idan har aka fara, in zo in sanar da shi tun ranar Asabar, domin ya sa a wanke masa hularsa.