A daina jefa sabbin nas-nas cikin ICU ba mai riƙe musu hannu

Yarinya ta gama makarantar koyon aikin jinya, lasisi ya fito, ranar Litinin sai ta ga sunanta a rosta an tura ta ICU, wato sashen kula da marasa lafiyan da ke cikin mawuyacin hali, kafin sati ya zagayo an sa ta aikin dare ita da wata nas ɗaya tal. Wallahi wannan ba horarwa ba ce, kasada ce da ran mutane, kuma ba laifin yarinyar ba ne.

ICU fa ba kamar sauran wod ba ne. Mara lafiyan da ke kan na'urar numfashi, ƙa'ida nas ɗaya gare shi shi kaɗai. Ga famfon allura yana tura noradrenaline, maganin hana jini faɗuwa, digo-digo, in sirinji ya ƙare ba a shirya wani ba cikin 'yan mintuna jinin mutum zai faɗi, ga potassium da in aka tura shi kai tsaye cikin jijiya zuciya za ta iya tsayawa, ga bututun maƙogwaro da ke buƙatar a zuƙe majina, sannan a nan gida a ɗauke wuta janareta bai tashi ba, dole wani ya cafki ambu bag, jakar robar da ake hura wa mara lafiya iska da ita, ya dinga matsawa da hannu. Duk an karanta wannan a aji, amma hannu bai saba ba tukuna.

A Ingila, sabuwar nas a ICU tana yin aƙalla sati 6 ba a lissafa ta cikin adadin ma'aikatan duti, tana maƙale da babbar nas guda wacce ke duba ta tana sa hannu kan duk abin da ta iya. Mu ma za mu iya, ba sai an sayo wata na'ura ba.

Za a ce ina manyan suke? Gaskiya ne. A farkon 2024 Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya ta ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, kuma ƙwararru aka fi zawarci a waje. To ai shi ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka rage bai kamata a bar koyarwarsu ta zama sai in sun ga dama ba. A rage wa sista mai horarwa marasa lafiya, a ba ta alawus, a rubuta sunanta gefen na ɗalibarta a rosta, duti ɗaya, hutu ɗaya.

Ku kuma manya, don Allah a rage tsawa. Wacce aka yi wa tsawa gaban 'yan uwan mara lafiya don ta tambayi dos, wato adadin maganin da za a bayar, gobe ba za ta sake tambaya ba, za ta yi cinta ne kawai. Shugabannin asibitoci su ma su riƙa tura waɗanda suka nuna ƙwazo kwas ɗin ƙwarewa irin na asibitin koyarwa na Gwagwalada, da albashinsu, ba sai mutum ya ci bashi ya kai kansa ba.