Zankon siminti ba ya sanyaya ɗaki

A tsakiyar bazarar nan na raka ƙanena duba gidan haya a ɗaya daga cikin sababbin rukunin gidajen da ke tasowa a gefen Sakkwato. Tun daga bakin ƙofa dillali ya shiga yabon "ginin gargajiya": an ɗora zankwaye huɗu na siminti a saman katanga, an zana dagi da fenti mai ƙyalli, an lanƙwasa kan tagogi kamar baka. Muka shiga falo wajen ƙarfe uku na rana, na ɗora tafin hannuna a bango, sai na ji kamar murfin tukunya. Siririn bulo ne, samansa kwano, ga ƙatuwar tagar gilashi tana kallon yamma. Babu zaure, baƙo na turo ƙofa ya faɗo cikin iyali. Tsakar gidan kuwa ɗan lungu ne da aka malale da siminti, ko gurbin dogon yaro ba a bari ba.

Wannan yayin ne ke ba ni haushi, kuma kullum ƙara yaɗuwa yake, daga ƙofofin gidajen masu hali zuwa shaguna da wuraren biki. An tsinci ado an yar da gini, sannan ana buga ƙirji wai an raya gadon kakanni.

Duk wanda ya taɓa kwana a soro a cikin tsohon gari, wajen Kanwuri ko kusa da Hubbaren Shehu, ya san inda hikimar take. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba, lokacin da mutane suka riga suka fito tsakar gida shan iska. Taga ƙarama ce, can sama, don ƙura da hasken rana kada su yi yawa. Rufin azara da ƙasa ne, indararo na zubar da ruwan damina nesa da bango, makuba na kare yaɓe. Zaure kuma shi ne mutuncin gida: nan ake karɓar baƙo, nan ake sulhu, nan yara ke karatun allo. Hatta zankon da ake kwaikwaya, wani tsohon magini da na taɓa zama da shi ya ce mini, "Ɗana, nauyi ne muke aza wa kusurwa, kuma nan muke ɗaura igiya in za mu hau yaɓe." A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ilimi ne na ceton rai, kuma shi ne aka fara zubarwa.

Masu cewa ginin ƙasa talauci ne da koma baya, su tsallaka iyaka ta Illela su gani da idonsu. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, duk a jihar, masu zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Hausawa ne irinmu ke salla a ciki, ƙasarsu irin tamu, ranarsu irin tamu. Francis Kere na Burkina Faso ma da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya yi suna: bulon ƙasa, sannan rufin kwano da aka ɗaga sama don iska mai zafi ta samu hanyar fita. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar duniya ta masu zanen gini. Babu ɗayansu da ya manna zanko don a ce ya yi gargajiya.

Ban ce a rufe kamfanin siminti na Kalambaina ba. Harsashi na son siminti, damina ba ta wasa da gindin bango, kuma na san wahalar yaɓe duk shekara da tsadar azara yanzu da giginya ta yi ƙaranci. Abin da nake ƙi shi ne mai zanen gini ya kwafo gidan da aka tsara don Legas ko Dubai, ya kafa mana shi a Arkilla ko Mabera, ya sa masa hula ya ce namu ne. Mai gida ne zai biya kuɗin wannan ƙarya har ƙarshen ransa, a man janareta da batirin sola da rashin barci duk daren da aka ɗauke wuta.

Ya kamata gwamnatin jiha ta gwada ko da makaranta ɗaya ko ƙaramin asibiti ɗaya da bulon ƙasa, a haɗa matasan injiniyoyi da tsofaffin magina tun suna raye, a auna zafin ajin a bazara a gwama da na bulon siminti. Masu ba da izinin gini kuma su riƙa tambayar ina inuwa, ina mashigar iska, kafin su sa hannu.

Ƙanena dai ya karɓi gidan, don haya ta yi wuya a gari. Yanzu shi da matarsa da jaririnsu a ɗan lungun nan suke shimfiɗa tabarma, sai wajen asuba bangon ɗaki ke hucewa su koma ciki.