Ƙannena masu koyon kod, ƙwaƙwalwa takwas ba gudu takwas ba ce

Salam alaikum. Da ku nike yau, matasanmu na Katsina da Daura masu koyon rubuta manhaja, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke ta fama da furojet. Yaro zai sayi laftof, ko ya duba kwalin Tecno ɗinshi ya ga an rubuta octa-core, wato firosesa mai ƙwaƙwalwa (core) takwas a ciki, shikenan ya ɗauka duk abin da ya rubuta zai ruga sau takwas. Wallahi ba haka abin yake ba. In kai baka raba aikin ba, ƙwaƙwalwa ɗaya ce zata ɗauki nauyin duka, bakwai na zaune suna kallo.

Da can ana cin bulus. Har wajen 2004 saurin firosesa kullum ƙaruwa yake, ka rubuta shirme bana, baɗi sabuwar kwamfuta ta rufa maka asiri. Sai zafi da cin wuta suka taka ma abin burki, daga 2005 Intel da AMD suka koma zuba ƙwaƙwalwa biyu a guntu guda, yau ga takwas ga sha shida. Toh daga nan nauyi ya dawo wuyan mai rubuta kod da yaren da yake aiki da shi.

Mafi yawanku Python kuka fara da shi, don haka ku saurara da kyau. Akwai wani makulli a cikinshi da ake kira GIL, wanda baya bari zare biyu (thread, wato layin aiki mai tafiya da kanshi a cikin manhaja) su gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda. Kamar teloli takwas ne a shago ana gobe Sallah amma almakashi guda ke akwai, kowa sai ya jira ɗan'uwanshi ya aje. In aikinka jiran intanet ne, misali ɗauko shafuka ɗari, zare ko asyncio (tsarin Python na juyawa tsakanin ayyuka masu jira) zasu taimaka sosai saboda mai jira baya hana saura tafiya. Amma in lissafi ne mai nauyi, ka ƙara zare ashirin ma ba abin da zai canza, sai ka koma multiprocessing, inda kowane aiki ke samun nashi Python ɗin da nashi makullin. Python 3.13 da ya fito a Oktoban 2024 ya zo da nau'in gwaji marar GIL, amma ba shi ke sauka a na'urarka kai tsaye ba, kar ka je kana cika baki gaban malaminka. 'Yan JavaScript ku ma kar ku yi dariya, async da await basa kai aikinku wata ƙwaƙwalwar, zare ɗaya ne ke ta jujjuyawa, sai kun ɗauko worker, wato wani zare na daban mai aiki a gefe.

Abin da yafi damuna ma ba rashin gudun ba ne, kwafo kod ɗin zare daga ChatGPT ku liƙa baku san mi yake taɓawa ba. A ce ka rubuta manhajar adashi, akwai naira 50,000 a asusu. Buƙatu biyu suka shigo tare, kowace zata cire 30,000. Zare na farko ya duba ya ga 50,000, ya ce ta isa, kafin ya rubuta sabon balas na biyu shima ya duba ya ga 50,000 ɗin, dukansu suka biya, 60,000 ta fita, littafi kuma yana nuna saura 20,000. Kuma muguntar abin, ka gwada sau dubu a ɗakinka lafiya lau, sai ranar da mutane suka yi yawa ya fashe, ka zo nema kuma ya ɓace. Irin wannan kuskuren na cikin abin da ya kashe ƙararrawar gargaɗi a ɗakin kula da lantarki a 2003, har mutane kusan miliyan 50 suka kwana cikin duhu a Amurka da Kanada. Su da ba su saba da ɗaukewar NEPA ba.

Shi ya sa nike cewa ku leƙa yadda wasu yaruka suka ɓullo ma matsalar. Erlang da Ericsson suka ƙirƙiro a 1986 baya bari ayyuka su yi tarayya a kan bayani guda, saƙo kawai suke aika ma juna, kuma da shi aka gina sabar WhatsApp ɗin da kuke kwana a kai. Go na Google, 2009, yana da goroutine, wato ƙananan ayyuka masu tafiya tare, da channel da suke aika ma juna saƙo ta ciki, ga kuma -race da zaka kunna ya tona maka inda zare biyu ke rububin abu guda. Rust shi in ya hango irin wannan rububin ƙin haɗa kod ɗin ma zai yi, ka yi ta fushi da shi amma gaskiyarshi. Java 21 ya kawo zare marasa nauyi a 2023.

Kafin ka raba komai, ka auna ina lokacin ke tafiya. Gene Amdahl ya yi lissafin tun 1967: in kashi 10 cikin 100 na aikin dole a yi shi bi da bi, ko ƙwaƙwalwa dubu ka zuba ba zaka wuce ninki 10 ba. Sau da yawa ma zaka tarar tambayar da kake aika ma rumbun bayanai ce ke jan ƙafa. Masu Android kuma, ku cire aiki mai nauyi daga babban zare mai kula da allon waya, in ya kai daƙiƙa 5 bai amsa taɓawar mai waya ba, wayar zata fito da saƙon manhaja ta daskare, ga coroutine na yaren Kotlin nan, hanyar tura aiki gefe, an yi shi don haka, ku zauna ku koye shi.