Kin tsaga zuciyarsa ne?

Assalamu alaikum warahmatullah, iyaye da 'yan uwa.

Kwanakin baya muna zaman makoki a wani gida a Bolari, nan cikin Gombe. Tsohuwar gidan ce ta rasu. Tsakar gida ya cika da mata ana ta "ya haƙuri", jikanta kuwa, ɗan shekara 11, yana can gindin rijiya yana jera murafan kwalba, ko ɗaga kai bai yi ba. Da aka kamo hannunsa ya zo ya gaida baƙi, sai ya fizge ya toshe kunnuwa. Wata baiwar Allah kusa da ni ta ce, "Kai, yaron nan ba shi da imani! Matar da ta goya shi?" Uwar tana ji. Sunkuyar da kai kawai ta yi.

Ni ma ban ce uffan ba, kuma shirun nan ya tsaya mini a rai.

Mu Hausawa in za mu ce mutum ba shi da tausayi, sai mu ce ba shi da imani. Ku dubi girman abin da muke cire wa yaro da baki ɗaya. Usama bn Zaid, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kashe wani a fagen yaƙi bayan mutumin ya yi kalmar shahada, Usama ya ce ai tsoron takobi ne ya sa ya furta ta. Sai Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya ga abin da ke ciki. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Wannan fa abokin gaba ne da makami a hannu, ina ga yaro da murfin kwalba?

Yaron nan galahanga gare shi, wadda likitoci ke kira otizim. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta ga maza. Halitta ce a ginin ƙwaƙwalwa. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba allurar rigakafi ba ce, ba kuma sakacin uwa ba. Abin da ke ba irinsa wuya shi ne karanta fuska da murya. Ke da kin ga idon maƙwabciyarki kin san an ɓata mata rai, shi sai an faɗa masa ƙarara. Amma in ya gane, yana jin zafin, wani lokaci har ya fi ƙarfinsa. Hayaniyar da muke ji daidai, shi a kunnensa kamar injin markaɗe ce. Jera murafan nan da muka raina, da shi yake lallashin kansa.

Akwai wani yaron daban, kada mu haɗa su tukunya ɗaya. Shi ne mai kangarewar da ta zama larura: duka, sata, ƙarya, ƙona wutsiyar mage, wata da watanni ba sauyi. Wasu daga cikin irinsu, ba duka ba, sarai suke gane kin ji zafi, abin ne bai cika taɓa su ba. Mutanen Gombe mun san inda wannan hanya kan ɓulle in an yi sake, sunan 'yan dabar kalare ba baƙo ba ne a kunnenmu. To shi ma dorina ba ta cika yi masa magani ba, sai dai ta koya masa cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Abin da ya fi kama shi shi ne a ja shi a jiki tun yana ƙarami, a kafa masa doka ɗaya da ba ta canzawa, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Aiki ne mai cin rai, ban ce da sauƙi ba.

Ku tuna balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci. Sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale shi, a zuba ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani. Bai sani ba ne, aka sanar da shi.

Iyaye mata, a yi addu'a, a kuma kai yaro wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan a garinmu. Malaman Islamiyya, yaron da ba ya kallon idonku ba lallai raini ba ne.

Bayan sati biyu na koma gidan. Uwar ta ce sai da ta zaunar da shi ta ce, "Kaka ta rasu, ba za ta dawo ba." Bai yi kuka ba. Amma kullum da an kira Magariba sai ya cika butar tsohuwar da ruwa ya ajiye a ƙofar ɗakinta, kamar yadda ya saba. Ta ce ta hana kowa ɗauke butar.